Firgici da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Matasa a Damagaram

Yaron da ya ga mutuwa ido da ido, ko aka yi masa mugun duka ko fyaɗe, ko aka wulaƙanta mahaifinsa a gabansa, jikinsa kan ɗauki shirin tsira nan take. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya yi sama, sinadaran adirenalin da kotizol su kwarara cikin jini. Ga yawancin yara, abin kan lafa cikin kwanaki ko makonni. Ga wasu kuwa jikin ba ya yarda cewa haɗarin ya wuce. Idan alamun suka haura wata guda suna hana barci da karatu, likitoci kan ɗauke su ciwo mai buƙatar magani.

Matasan Damagaram sun ga irin waɗannan abubuwa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, akasarinsu daga yankin Kance. Ƴan'uwansu da abokan wasansu na nan gida da labarin. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, zanga-zangar nuna fushi da jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram, aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, aka rasa rayuka. Daga Fabrairun shekarar hare-haren Boko Haram suka fara korar iyalai daga jihar Diffa, wasu suka yo yamma. Ambaliyar 2024 ta rushe gidajen ƙasa da dama, har da tsohon masallacin unguwar Birni. Akwai kuma tashin hankalin yau da gobe, wanda ya fi waɗannan naci: faɗan ƙungiyoyin samari da ake kira pale, da adda da wuƙa, wanda Aïcha Macky ta nuna a fim ɗinta "Zinder" na 2021 kan unguwar Kara-Kara. Yaron da ke bi ta irin wannan lungu zuwa lakwal, kullum gabansa na faɗuwa.

Alamun na bin shekaru. Ƙaramin yaro kan koma fitsarin kwance, ya maƙale wa zanen uwa, ya riƙa maimaita abin da ya gani cikin wasansa. Matashi kan yi mugun mafarki, ya zabura idan an bugo ƙofa ko salansar babur ta yi ƙara, ya guji wurin da abin ya faru, ya zama mai saurin fushi ko ya yi shiru kamar ba shi ba. Ciwon kai da ciwon ciki da aka rasa dalilinsu a asibiti sun yawaita.

A cikin aji ne ɓarnar ta fi fitowa fili. Ƙwaƙwalwar da ke gadin ƙofa da taga ba ta da sararin riƙe darasi. Ɗalibi ya zauna yana kallon allo, malam ya tambaye shi, ya rasa ko a wane shafi ake. Haddar da ya iya jiya ta zube yau. Sai a kira shi daƙiƙi ko mai taurin kai, a sa masa bulala, bulalar kuma ta tabbatar wa jikinsa cewa babu wurin aminci. Nan ne kuskure mafi tsada, domin daga shi ake tafiya ga fashin makaranta, faɗuwa jarrabawa, sannan zaman fada da shan taramol don neman barci ko ƙarfin hali. Ƴan mata sun fi ɓoye nasu, musamman in fyaɗe ne, saboda gudun abin kunya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa na farawa kafin shekara 14, kuma a yankunan da yaƙi ya shafa kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da ɗayansu. Amma a Damagaram, kamar sauran ƙasar Hausa, gida kan fara cewa iska ce ko sammu, a nufi malami don rubutu da ruƙiyya. Addu'a na kwantar da hankali, kuma ba ta hana zuwa Babban Asibitin Damagaram. Abin da ke cutarwa shi ne ɗaure yaro, ko dukansa da sunan fitar da aljani, ko laƙaba masa sunan mahaukaci.

Yawancin yara na warkewa, kuma babban abin da ke taimaka musu shi ne babban mutum guda mai natsuwa, uwa ko kaka ko malam, wanda zai saurara ba tare da tilasta su ba da labari ba. Komawa makaranta da wuri, cin abinci da kwanciya a kan lokaci, da wasa da tsara, duk magani ne. Idan alamun suka ƙi tafiya, ma'aikacin lafiya da ya samu horo kan zauna da yaron sau da dama, ya koya masa sarrafa numfashi, ya bi da shi a hankali har ya iya tuna abin ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba. Wanda ya fara maganar kashe kansa kuwa, ranar ake kai shi asibiti.