Layin Masu Gyaran Risho a Kasuwar Tsiga

Kasuwar Tsiga, a Ƙaramar Hukumar Bakori, kasuwar manoma ce. Masara da dawa da waken suya su ke riƙe da ita, kamar sauran kasuwannin yankin Funtuwa da Malumfashi. Sai manomi ya sayar da buhu ya ƙirga kuɗinsa, sannan sauran 'yan kasuwa su ga ciniki. Cikin masu jiran wannan kuɗi har da mai gyaran risho, wanda kan yi shimfiɗa kusa da maƙera da masu faci. A gabansa tulin tsoffin tankuna ne, da ƙullin lagwani, da almakashi, da filaya, da ƙarfen dalma a cikin garwashi.

Risho iri biyu ake kawo masa. Akwai na mata mai lagwani, irin su Butterfly, wanda a da kayan ɗakin amarya ba sa cika sai da shi. Akwai kuma mai famfo, na masu shayi da Indomie, jikan Primus da aka fara ƙerawa a Suwidin a 1892. Kowanne da cutarsa.

A mai lagwani, zaren ne ke tsotso kananzir daga tanki zuwa sama, zafi ya mayar da shi tururi, iska ta shigo ta hujojin gwangwanayen da ke kewaye da wutar. In komai ya daidaita, wuta za ta fito shuɗiya, gindin tukunya ya zauna fes. In ta yi ja tana hayaƙi, ko dai lagwani ya ƙone ya daskare, ko hujoji sun toshe, ko tsatsa ta ci gwangwanin. Yawancin tsatsar nan daga gida take, don mata da yawa da ruwa suke kashe risho. Yayyafin nan yakan jiƙa lagwani, ya gangara tanki, ya kwanta a ƙasan kananzir yana cin ƙarfe har ya huda shi.

Gwanintar mai gyara tana wajen sanin abin da zai maye gurbin na asali. Lagwanin kanti daga Kano da Funtuwa ake saro shi, amma in ya yanke ko ya yi wa mai risho tsada, akan ware zaren mofa a yanka daidai tsayi. Sai dai ba kowane zare ba. Na auduga zalla yana shan mai, yana ci a hankali. Wanda aka gauraya da roba narkewa yake yi ya manne a bututu, har maɗaukin lagwani ya ƙi motsi. Gwajin ba wuya: a kusanta bakin zaren da ashana. In ya zama toka, auduga ce. In ya dunƙule ya yi tauri, a ajiye shi. Abin takaici, yankin da aka san shi da noman auduga, mai masana'antun gurzar ta a Funtuwa da Malumfashi, shi ne ke jiran zaren lagwani daga nesa.

Mai famfo kuwa matsalarsa fata ce da hanci. Fatar cikin famfo in ta bushe ba ta tura iska, sai a yanko wata daga ragowar fatar dukawa, a jiƙa ta da mai, a lanƙwasa ta ta zauna. Hancin da mai ke fita in ya toshe, siririyar waya ce maganinsa. Wanda ya zura allurar ɗinki ya faɗaɗa ramin, wutar ta lalace ke nan. Masu yanka tsohon tub su toshe murfi sauƙin kwana kaɗan suke saya, don kananzir na kumbura irin wannan roba. Tankin da ke yoyo ana like shi da dalma, amma ba a kai masa wuta sai an juye shi, an wanke, ya sha iska.

A Japan, inda ake ɗumama ɗaki da na'urorin kananzir irin na Toyotomi, saman lagwanin da zaren gilashi ake yin sa don kada ya ƙone. A da asbestos ake sa wa irin waɗannan kaya, kafin a tabbatar ƙurarsa na jawo ciwon daji a huhu. Don haka duk wani farin abu mai kama da auduga da aka ciro daga tsohon kayan gwanjo, bai kamata a karkaɗe shi ko a hure shi da baki ba. A Tsiga dai, sanyin hunturu da kaskon garwashi ake korarsa, kuma kasko ko risho, kunna shi a rufaffen ɗaki na tara iskar guba marar wari wadda ke kashe mai barci.

Abin da ya fi tsatsa cin sana'ar shi ne farashi. Har zuwa farkon 2016 farashin gwamnati naira 50 ne lita, ko da yake ba kowa ke samu a haka ba. A Janairun shekarar aka janye tallafin kananzir, yau kuma lita ta daɗe da haura naira dubu. Matatar Kaduna, da aka buɗe a 1980, ta shafe shekaru ba ta wadatar da Arewa. Tsada kuma ta buɗe ƙofar algus: kananzir da aka surka da fetur shi ke fashewa a fuskar mai girki. Gidaje sun koma wa gawayi da kara da totuwar masara, masu hali sun sayi tukunyar gas, fitilar ƙwai ta bar wa mai caji da sola wuri.

Mai gyara bai naɗe tabarma ba. Da almakashin da yake gyara gwangwanin risho yake yanka kurfot daga tsohon kwano, ya koyi wanke kan gas da canza masa roba. Rishon da ya mutu murus yakan saye shi da arha, ya cire abin da zai yi wa wani amfani, ragowar ya sayar wa 'yan gwangwan a kilo. Da kaka, in kuɗin masara ya shigo aka fara bukukuwa, iyayen amarya kan tsaya a rumfarsa, sai dai yanzu kurfot suke tayawa.