Tiyatar rage ƙiba: Abin da ke sa nauyi ya tsaya cak, yunwa kuma ta dawo

A watannin farko bayan tiyatar rage ƙiba, sikeli abokin mutum ne. Duk mako nauyi na sauka, tufafi na yin yawa, yunwa kuwa kamar an ɗauke ta. Sai wata rana lambar da ke kan sikelin ta tsaya. Mako guda, mako biyu, wata guda, ba ta motsa ba. Ana cikin haka kuma sai cikin da ya yi shiru ya fara kiran ciroma.

Wannan ne lokacin da hankalin mutane da yawa ke tashi, musamman wanda ya sayar da fili ko ya ci bashi ya tafi Masar, Indiya ko Turkiyya aka yi masa aikin, ya dawo gida Sakkwato, likitan da ya yi masa aikin kuma yana can wata ƙasa. Tambayar da ke zuwa a rai ita ce: shin aikin ya lalace ne?

A mafi yawan lokuta amsar ita ce a'a. Tsayawar nauyi da dawowar yunwa suna cikin tafiyar, kuma likitoci sun san dalilansu. Abin da mutum ya yi a wannan gaɓar shi ne ke raba wanda zai riƙe nasararsa da wanda ƙiba za ta sake lallaɓowa ta kama shi.

Me aikin yake yi wa jiki?

Iri biyu ne suka fi yawa a duniya. Na farko shi ne wanda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a cire, a bar siririn sashe mai kama da hannun riga. Na biyu shi ne wanda ake ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi kai-tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Wani likitan Amurka mai suna Edward Mason ne ya fara irin wannan na biyun a Jami'ar Iowa a shekarun 1960.

Rage girman tumbi rabin labarin ne. Sauran rabin yana ga sinadaran da ke kai saƙo tsakanin ciki da ƙwaƙwalwa. Akwai wani sinadari da ake kira girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Shi ne ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ana jin yunwa, kuma mafi yawansa daga saman tumbi yake fitowa, wato sashen da ake cirewa a aikin hannun riga. Shi ya sa yunwa ke ɓacewa a farko. A gefe guda kuma, sinadaran ƙoshi da hanji ke fitarwa suna ƙaruwa, mutum ya ci loma kaɗan ya ji ya cika.

Amma jiki ba ya zama wuri guda. Da tafiya ta yi tafiya kumburin aikin yana sacewa, tumbin ya ɗan saki, ya riƙa karɓar abin da ya fi na da, saƙon yunwa kuma ya fara dawowa. Ga mutane da yawa hakan na faruwa ne tsakanin wata shida zuwa shekara ɗaya ko fiye.

Tsayawa iri biyu ce

Akwai tsayawar farko, wadda ke zuwa wajen mako na uku bayan aiki. Dalilinta ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da kusan giram uku na ruwa. A makonnin farko jiki yana ƙone ajiyar, ruwan ya fita, nauyi ya faɗi da sauri. Daga baya jiki ya sake cika rumbunsa, ruwa ya dawo, sai sikeli ya tsaya alhali kitse na ci gaba da narkewa. Wannan ba ta buƙatar komai sai haƙuri da bin tsarin da likita ya bayar.

Ta biyu ita ce mai zuwa bayan watanni. Jikin da ya ragu ba ya ƙona abinci kamar jikin da yake da girma, kamar yadda babur ba ya shan man da mota ke sha. Bayan haka, jiki yana ɗaukar ramewa a matsayin alamar fari, sai ya ƙara tsuke bakin aljihu. Idan kuma tsoka ta zube tare da kitse, abin ya ƙara tsananta, domin tsoka na cikin masu cin makamashi ko da mutum yana zaune.

Wani dogon bincike da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987, wanda ya bi dubban mutane shekara da shekaru, ya nuna yadda tafiyar take. Waɗanda aka yi wa aikin tsallake tumbi sun kai ƙarshen raguwarsu ne a shekara ta farko zuwa ta biyu, inda suka zubar da kusan kashi 32 cikin 100 na nauyinsu. Bayan shekara goma, raguwar ta tsaya a kusan kashi 25. Ma'ana, ɗan abin da ya dawo ba baƙon abu ba ne, kuma mafi yawan ribar tana nan. Wanda ya shiga ɗakin tiyata da kilo 140, a wannan lissafin zai sauka zuwa kusan 95, ya daidaita a wajen 105.

Yunwa ce ko wani abu ne daban?

Ba duk abin da ake ji a ciki ne yunwa ba. Kafin a kai hannu ga kwano, akwai abubuwa huɗu da ya kamata a tantance.

Na farko ƙishirwa. A Sakkwato zafi kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, kuma mai ƙaramin tumbi ba ya iya ɗaga moɗa ya shanye a tashi ɗaya. Ƙarancin ruwa yana zuwa da kasala da jin kamar ciki ba komai. Ana so mutum ya sha aƙalla lita ɗaya da rabi a yini, kurɓi-kurɓi, a lokacin zafi kuma fiye da haka.

Na biyu ƙwannafi. Aikin hannun riga yana yawan jawo shi ko ya ƙara shi, kuma zafin da yake sawa a ƙahon zuci yana kama da cizon yunwa. Mutum ya ci abu ya ji sauƙi na ɗan lokaci, sai ya ɗauka yunwa ce. Wannan magani yake buƙata daga likita, ba ƙarin abinci ba.

Na uku faɗuwar sukari. Bayan shan abu mai zaƙi, musamman ga wanda aka yi wa aikin tsallake tumbi, sukarin jini kan yi sama da sauri, sannan ya faɗo bayan awa ɗaya zuwa uku. Sai gumi, rawar jiki, bugun zuciya da matsananciyar yunwa. Idan aka sake magance ta da zaƙi, an shiga zagayen da ba ya ƙarewa.

Na huɗu kwaɗayi. Yunwar gaskiya a hankali take zuwa, kuma ko dafaffen ƙwai aka ba ta za ta karɓa. Kwaɗayi kuwa farat ɗaya yake zuwa, kuma abu ɗaya yake nema: masa mai zafi, soyayyen nama, lemo mai sanyi. Wanda ya bi ta Ƙofar Marke da yamma, lokacin da ƙamshin tsire da na suyar ƙosai ke tashi a bakin titi, ya san cewa hanci ma yana da tasa yunwar. Damuwa, kaɗaici da rashin barci duk suna rura ta.

Inda abincinmu ke yaudarar tumbi

Tiyata tana tare abinci mai tauri, amma ba ta tare ruwa. Fura da nono da aka dama da sukari, kunun zaƙi, kunun gyaɗa, zoɓo, shayi mai kauri da madarar gwangwani, duk suna wucewa ba tare da mutum ya ji ya ƙoshi ba. Kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukarin da ya haura ƙaramin cokali goma. Mutum zai iya rantsuwa cewa bai ci komai ba tun safe, kuma gaskiya ya faɗa, amma ya sha abin da ya kai kwano biyu na abinci.

Haka abubuwan da ke narkewa a baki: biskit, cincin, burodi da aka tsoma a shayi, tuwo mai laushi da ya sha miya da man shanu. Sai kuma ɗan tsakure-tsakure: gyaɗa a aljihu, dabino a mota, ƙuli-ƙuli a shago. Kowanne kaɗan ne, amma idan aka yini ana yi, ƙaramin tumbi ba zai hana komai ba, domin kafin na biyu ya shiga na farko ya wuce.

Akwai kuma matsin gida. A wurinmu ramewa ba kasafai ake yi mata kyakkyawar fassara ba. 'Yan uwa za su tambaya ko lafiya, surukai su ce ba a kula da mutum, a wurin biki kuma mayar da kwano da saura kamar raini ne. Mace mai aure ta fi shan wannan. Abin da ke taimakawa shi ne a samu mutum ɗaya ko biyu a cikin gida, miji ko mata ko uwa, da suka fahimci aikin da aka yi, su zama garkuwa.

Matakan da ke sa nauyi ya sake motsi

A fara da rubutu. A yi mako guda ana rubuta duk abin da ya shiga baki, har da abin sha, da lokacin da aka ci. Yawancin mutane a nan suke gano inda gizo ke saƙa.

A sa furotin a gaba. Ƙa'idar da likitocin wannan fanni ke bayarwa ita ce aƙalla giram 60 a yini, wasu har 80 ko fiye. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, giram 100 na dafaffen naman kaza kuma kusan 30. Kifi, wake, alala, awara, dambun nama da kindirmo marar sukari duk suna cikin abin da ake samu a kowace unguwa. A fara cin su, sai ganye kamar zogale ko rama, tuwo ko shinkafa su zo a ƙarshe idan da sauran wuri. Furotin yana daɗewa a ciki, kuma yana kare tsoka.

A raba ci da sha. A dakata kusan minti 30 bayan cin abinci kafin a sha ruwa, don kada ruwan ya wanke abincin ya wuce da wuri. A tauna sosai, a ɗauki minti 20 zuwa 30 a kan ɗan abin da ke gaba.

A tsayar da lokaci. Ci uku a yini, da ƙaramin abu ɗaya ko biyu da aka tsara tun da safe, ya fi tsakure na yini guda. Tsallake abinci kuma ba dabara ba ce, domin da dare ake biyan bashinsa.

A motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu. Tafiya bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe, ta fi dacewa da yanayin Sakkwato. Matar da ba ta cika fita ba za ta iya zagaya tsakar gida, ta yi tashi-zauna a kan kujera, ta ɗaga galan na ruwa.

A rage hawa sikeli. Sau ɗaya a mako ya isa, da safe, a rana guda. A haɗa da awon ƙugu da tef ɗin tela, domin sau da yawa ƙugu na raguwa alhali sikeli na tsaye.

Azumi, juna biyu da magunguna

Likitoci da dama suna ba da shawarar kada a yi azumi a shekarar farko bayan aikin, saboda haɗarin bushewar jiki, kuma malamai sun yi bayanin rangwamen da mara lafiya yake da shi. Wanda likita ya amince masa ya yi, ya kiyayi buɗa-baki da kunu mai zaƙi da soye-soye a tashi ɗaya. Ya fara da ruwa kaɗan-kaɗan, ya jinkirta, sannan furotin.

Mata kuma ana ba su shawarar jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18, har nauyi ya daidaita.

Magungunan bitamin ba na ɗan lokaci ba ne, na tsawon rai ne. Ƙarancin sinadarin ƙarfe, bitamin B12 da bitamin D yana kawo kasalar da ke hana motsi, ta kuma sa mutum neman zaƙi. Ana iya yin gwajin jini a gida, a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda aka yi wa aiki a waje ya tafi da takardunsa duka, ya nemi likita da masanin abinci da za su riƙa bin lamarinsa. Ya kuma gaya wa likita duk maganin da yake sha, domin wasu, kamar insulin da wasu magungunan ƙwaƙwalwa, suna ƙara nauyi.

Idan an gyara duk waɗannan amma nauyi na ta hawa, akwai sauran hanya. Alluran rage ƙiba na zamani, irin su Saxenda da Wegovy, suna kwaikwayon sinadarin ƙoshi na hanji. Wani gwaji da aka yi a Landan, aka wallafa a 2023, ya nuna cewa waɗanda tiyata ba ta yi musu yadda ake so ba sun rage kusan kashi 9 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 24 da aka haɗa musu da maganin da ke cikin Saxenda. Sai dai suna da tsada, kuma a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun irin waɗannan allurai. Ba abin saye a Instagram ko WhatsApp ba ne. Haka shayin rage tumbi da ake tallatawa: yawancinsa gudawa yake sawa, ruwa ya fita, kitse na nan. A wasu lokuta kuma likita kan duba tumbin da na'ura, ya ga ko akwai buƙatar gyaran aikin.

Akwai alamomin da ba a jira da su: amai da ya ƙi tsayawa, kasa haɗiye ko da ruwa, ciwon ciki mai tsanani, baƙin bayan gida, suma, ruɗewa, ko jin ƙafafu sun mutu. Yawan amai na iya ƙarar da bitamin B1 cikin 'yan makonni, ya taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya nufi asibiti a ranar.