Gansakuka Na Iya Rufe Famfo: Gargaɗi Ga Lafiya

Alhazanmu da suka buɗe famfo a Makka ko Jidda, galibi ruwan Bahar Maliya suka samu, wanda aka raba da gishiri a masana'antar Shu'aiba. Irin waɗannan masana'antu na lashe maƙudan kuɗi, amma gansakuka ta taɓa durƙusar da wasunsu. Daga 2008 zuwa 2009 wata jar gansakuka ta mamaye gaɓar Oman da Daular Larabawa wata da watanni, har aka dakatar da aiki a wasu wurare, ciki har da Ras al-Khaima. Masana'antun da suka fi jin jiki su ne masu tura ruwa da ƙarfi ta cikin matata mai ƙofofin da ido ba ya gani. Gansakuka na fitar da yauƙi kamar na kuɓewa, ya liƙe ƙofofin, ruwa ya ragu, injin ya ƙara cin wuta, dole a tsaya wanki.

Mai karatu a garin Lafiya zai ce ina ruwanmu, mu da ba mu da teku? Ai gansakuka ba gishiri take nema ba. Zafin rana take so, da ruwan da ya kwanta, da abinci, wato sinadaran da ke cikin takin NPK da yuriya da ƙazantar kwata. Duk muna da su: damina ta wanko taki daga gonakin shinkafa da masara zuwa kogin Amba da madatsar Doma, rani ya zo ruwa ya ja baya ya yi ɗumi. A watan Agustan 2014, a birnin Toledo na Amurka, an hana mutum kusan 400,000 shan ruwan famfo har kwana uku saboda dafin gansakukar tafkin Erie, kuma ruwan daɗi ne irin namu. Wani zai ce sai a tafasa. Tafasawa ba ta kashe wannan dafi mai lahanta hanta, ƙara masa ƙarfi take yi idan ruwan ya ƙone. Alam da kulorin suna taimakawa, amma idan gansakuka ta yi yawa tana toshe yashin tacewa, kuɗin magani kuma ya ninka. Shi ya sa nake ganin tsare bakin kogi ya fi gyara a gidan ruwa araha nesa ba kusa ba.

Ba a ce manomi ya bar taki ba, don da shi ake ci. A dai zuba daidai buƙata, a guji zubawa in hadari ya haɗu, a bar ciyawa tsakanin kunya da gaɓa ta tare abin da ruwa ya kwaso. Muna roƙon Hukumar Ruwa ta Jihar Nasarawa da malaman gona da Jami'ar Tarayya ta Lafiya su haɗa kai su riƙa auna ruwan Amba da na Doma kowane rani, su kuma sanar da jama'a sakamakon.