Kwanan Zaune a Daren Jarrabawa

Ɗan yayata ne ya sa ni wannan rubutu. Yana koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a nan Tudun Wada ta Zazzau, yana kuma karatun NCE daga nesa, irin wanda ba a ganin malami sai ƙarshen mako. Sauran kwanaki shi ne malamin kansa. Wata uku cur littafinsa na saikoloji yana kan taga yana shan ƙura. Ana jibi jarrabawa sai ya zabura: ya sayo goro da Nescafé da wata ƙwaya da wani mai kemis ya ce masa tana "buɗe ƙwaƙwalwa", ya tsoma ƙafafunsa cikin bokitin ruwa don kada barci ya sace shi. Dare biyu ya yi a haka. Da ya dawo daga ɗakin jarrabawa idonsa jawur kamar gauta, abin da ya ce mini ke nan: "Kawu, wallahi na san amsar, har shafin da take ina gani a idona, amma ta ƙi fitowa."

Na gaji da jin wannan magana. Na ji ta a bakin masu zana GCE na kashin kansu, na ji ta a wurin 'yan IJMB, na ji ta a wurin 'yan matan da ke koyon aikin jinya. Abin takaicin shi ne, littafin da yaron nan ya kwana yana zazzare wa ido, a cikinsa aka yi bayanin dalilin da ya sa kwanan zaune ba ya haifar da ɗa mai ido.

Saikoloji dai shi ne ilimin halayyar ɗan Adam: yadda yake tunani, yadda yake koyo, yadda yake mantuwa. Ba duba ba ne, ba kuma karanta zuciyar mutane ba. A Amurka da Ingila ɗan babbar sakandare yana iya zana jarrabawarsa, wasu ma da karatun kansu a gida. A nan babu shi cikin darussan WAEC da NECO, sai ɗalibi ya shiga kwalejin ilimi yake cin karo da shi ba shiri, ko a tsohuwar kwalejin tarayya da ke maƙwabtaka da mu wadda ta fara a 1962 ta kuma koma jami'a daga baya, ko ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna mai koyarwa daga nesa.

Abin da nake son mu tsaya a kai shi ne camfin nan da ya zauna daram a zukatan ɗalibai, wai karatun da aka yi daf da jarrabawa shi ne "mai zafi", wanda aka yi da wuri kuwa asara ne tunda za a manta. Har suna suka raɗa wa kwanan zaunen, TDB, wato karatu har garin Allah ya waye, kuma ana alfahari da shi kamar wanda ya kashe zaki.

Gaskiya ne ana mantuwa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna ta a kan kansa, ya buga sakamakon a 1885. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin da ba su da ma'ana, sannan ya duba abin da ya rage bayan wani lokaci. Cikin awa ɗaya fiye da rabi ya zube, bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku. Ɗalibanmu nan suke tsayawa su ce ka ji ko. Ba sa ƙarasa labarin. Mutumin ya kuma gano cewa abin da maimaici 68 a zama ɗaya ya ba shi, maimaici 38 da ya rarraba a kwana uku ya ba shi kwatankwacinsa. Wato mai rarraba karatu wahalarsa ta fi ta mai kwanan zaune sauƙi, kusan da rabi. Duk lokacin da ka koma kan abin da ya fara dusashewa, sai ya ƙara kama ƙasa, mantuwar gaba ta yi jinkirin zuwa. Wanda ya tara komai a dare ɗaya kamar mai ɗura ruwa ne a tulun da bai ga wuta ba.

Sai batun "na ga shafin amma amsar ta ƙi fitowa". Wannan ma an bincika. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka karanta sau ɗaya, aka karɓe takardar, aka ce su rubuta abin da suka tuna, har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda labari ya sha bamban: masu rubutawa da ka sun tuna kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Wani abin dariya, masu maimaitawar su suka fi tabbacin cewa za su tuna. Ido ne ya saba da shafin, sai zuciya ta ɗauka ta iya. Sanin fuskar mutum daban, tuna sunansa daban, kuma jarrabawa suna take tambaya.

Barci kuma da ake yaƙa da goro da ƙwaya, shi ne ma'aikacin da ke ɗaure kayan. Tun 1924 masana Jenkins da Dallenbach suka nuna cewa wanda ya koyi abu ya kwanta ya fi tunawa da shi a kan wanda ya yi awannin nan a farke. Ka karanta, ka hana kanka barci, ka zama mai ginin da ya ɗora jan bulo bai bar na ƙasa ya bushe ba. Ƙwayar kemis kuwa babu wadda ke zuba ilimi a kai. Iyakarta ta buɗe ido, ta sa hannu rawa da bugun zuciya, wata kuma ta bi mutum har bayan jarrabawa ta zame masa jaraba. Mun ga yadda maganin tari mai kodin ya yi da matasan Arewa kafin gwamnati ta haramta shi a 2018. Ɗalibin da zai je ya koyar da 'ya'yan mutane bai kamata a same shi a wannan layi ba, haba!

Abin da ya fi ba ni haushi, mu mutanen Zazzau ba mu da uzurin jahiltar wannan. Leƙa kowace tsangaya cikin birni. Ka taɓa jin alaramman da ya haddace Alƙur'ani a dare biyu? Ana rubuta ɗan abin da allo zai ɗauka, a biya, a yi ta tilawa da asuba da yamma, ba a wankewa sai ya zauna. Ana tishe, ana komawa baya. Gardi kuma idan ya kai matakin satu, da ka yake rubuta allonsa, sannan ya kai wa malam a yi darasu a gyara masa kurakurai. Rarraba karatu da gwada kai ke nan, kakanninmu suna yi tun kafin a haifi Ebbinghaus. Sai yaro ya shiga boko ya watsar da wannan gado, ya rungumi bokitin ruwa.

Na san akwai rashin wuta da tsadar littattafai da neman abin kai wa baki, ga wayar hannu mai cinye yini. Duk gaskiya ne, amma babu wanda kwanan zaune yake magancewa.

To, mai karatu shi kaɗai ya zai yi? Ya fara samo manhajar darasin da tsofaffin tambayoyin jarrabawa tun makon farko, ba makon ƙarshe ba, domin su ne taswirarsa tunda babu malamin da zai nuna masa hanya kullum. Ya ƙirga babukan, ya ƙirga makonnin, ya raba, ya bar makonni biyu na ƙarshe babu sabon karatu. Minti arba'in bayan sallar asuba, kafin gida ya kaure da hayaniyar yara, sun fi awa shida na tsakar dare. Idan ya gama babi ya rufe littafin, ya ɗauko farar takarda ya rubuta duk abin da ya tuna, sannan ya buɗe ya gani inda ya yi tuntuɓe. Zai ji zafi, zai ji kamar bai iya komai ba. Wannan zafin shi ne karatun. Gobe ya waiwayi babin na minti biyar, haka bayan kwana uku, haka bayan mako. Ya yayyanka kwali ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, ya zuba a aljihu. Zaman A Daidaita Sahu daga Agoro zuwa Sabon Gari ya ishe shi bitar guda goma.

Sai dai a nan saikoloji ya rabu da allo. Ba a neman ka kawo lafazin littafi harafi da harafi, ana neman ka gane, ka kuma iya ɗora shi a kan rayuwa. Don haka kowace ka'ida ka nema mata misali a cikin gidanku. Karen gwajin masani Pavlov da ke dalalar da miyau da jin alamar abinci ba sai ka je Rasha ba: dubi yadda naka bakin ke tara yawu da jin ƙamshin tsire tun daga nesa, ko yadda gaban yaro ke faɗuwa da ganin farar rigar mai allura. Matakan girman tunanin yaro huɗu na masani Piaget kuwa, ɗauko ƙanenka ɗan shekara huɗu, ka zuba kunu daidai wa daida a kofi biyu, ka juye ɗaya cikin dogon kofi siriri a gabansa. Zai rantse na dogon ya fi yawa. Ɗan shekara takwas dariya zai yi maka. Wanda ya yi wannan da hannunsa ba zai sake rikita matakan ba. Haka darasin masani Skinner da ke kayar da ɗalibai da yawa: yaro ya fasa kuka a bakin shago, uwa ta saya masa alewa. Shi ya koyi cewa kuka na kawo alewa, ita kuma ta koyi cewa alewa na ɗauke mata kuka. Na farko ƙarfafa hali ne ta hanyar ba da abin so, na biyu ƙarfafa hali ne ta hanyar cire abin ƙi, kuma babu horo a cikinsu ko ɗaya.

Turancin littafin ma kada ya firgita ka. Ka bayyana wa ƙanwarka ko matarka darasin da Hausa. Inda bakinka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba. Bayan haka ka mayar da shi Turanci a rubuce, tunda da shi za a yi maka maki. Ranar Asabar ka haɗu da abokai biyu ko uku ku yi wa juna tambayoyi, amma idan ƙwallo ta fara shigowa hirar ku tashi. Sau ɗaya a mako ka zauna da agogo ka amsa tsohuwar jarrabawa daga farko har ƙarshe, littafi yana wani ɗaki. Daren jarrabawa kuwa, ka duba kwalayenka bayan isha'i, ka shirya biro da katin shaida, ka yi addu'a ka kwanta.

Ɗan yayar tawa zai sake zama a zango mai zuwa. Shekaranjiya na iske shi a zaure da yamma, littafin a kife, yana ta kokawa da farar takarda. Ya ɗago ya ce, "Kawu, wannan hanya taka akwai wahala." Na leƙa na ga ya kawo matakan Piaget uku, ya bar gurbin na huɗu. Ya kai hannu zai buɗe littafin, na ce ya ƙara minti biyu tukuna.