Tiyatar gyaran jiki: abin da ya kamata ku sani

Da an ce tiyatar gyaran jiki, hankali kan tafi ga taurarin fim masu rage hanci. A Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura kuwa, mai buƙatarta shi ne yaron da ya faɗa kaskon wuta da hunturu har tabo ya ƙage masa yatsu, ko jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, ko wanda cutar noma ta cinye wa kumatu.

Idan ƙuna ce, likita kan yanko fata siririya daga cinya ya shimfiɗa kan ciwon. Cikin 'yan kwanaki sabbin jijiyoyin jini su kama ta, cinyar kuma ta warke da kanta cikin mako biyu ko uku. Amma ramin kumatu ya fi ƙarfin fata kaɗai. Nan sai a ɗago fata da tsoka tare da jijiyar da ke ba su jini, daga goshi ko ƙirji, a juyo da su a toshe wurin. Wani lokaci ma daga hannu ake ɗauko su, a ɗinke jijiyoyin ƙarƙashin madubin likita da zaren da bai kai kaurin gashi ba. Likita Harold Gillies ne ya kyautata dabarun gyaran fuska a Ingila tun 1917, a kan sojojin da harsashi ya ɓata wa fuska.

A Sakkwato akwai asibitin cutar noma tun 1999, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF na tallafa masa tun 2014, aikin kuma kyauta ne. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Inda ake irin wannan tiyata mafi kusa da su Kazaure dai Kano ce: asibitin ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano.

Ƙwararren likitan ne ke da wuyar samu. Shekara 6 a jami'a, shekara guda ta gwaji, bautar ƙasa, sannan wajen shekara 6 ƙarƙashin manyan likitoci da jarrabawar kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta Najeriya. Kaɗan ke kaiwa ƙarshe, wasunsu kuma su tafi waje.

Abin da ke hannun iyaye shi ne gaggawa. Tsagaggen leɓe ana ɗinke shi tun jariri na wata 3 zuwa 6. Ƙuna kuwa, a zuba mata ruwa mai sanyi minti 20 a nufi asibiti. Ɗanyen ƙwai da man goge baki ƙara dagula ciwon suke yi.