Daga Surulere zuwa Abuja: abin da ya kamata ku sani game da filayen wasan Super Eagles

Duk mai shigowa Abuja ta hanyar filin jirgin sama zai hangi katafaren filin wasa na ƙasa daf da ƙofar birni. An gina shi ne da fatan ya zama gidan Super Eagles, amma a 'yan shekarun nan a Uyo ƙungiyar ta fi karɓar baƙinta.

Gidanta na farko da ya yi suna shi ne filin Surulere da ke Legas, wanda aka buɗe a 1972. A nan ne Najeriya ta fara cin kofin Afirka a 1980, lokacin ana kiran ƙungiyar Green Eagles, bayan ta lallasa Aljeriya da ci 3-0. A nan ne kuma Kamaru ta ƙwace kofin a bugun fenariti a 2000. Daga baya aka yi watsi da filin har ya lalace.

Na Abuja kuwa gwamnatin Obasanjo ce ta gina shi domin gasar wasannin Afirka ta 2003, yana ɗaukar 'yan kallo 60,491. A cikinsa aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A ranar 12 ga Yuni, 2019, Shugaba Buhari ya sa masa sunan Moshood Abiola.

Duk da haka ƙungiyar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta buga a Kano, inda ta tashi 1-1 da Angola a 2005, ta je Kaduna da Kalaba da Fatakwal. A Uyo ta doke Zambiya a 2017, ta samu gurbin zuwa gasar kofin duniya a Rasha.

Ɗaya daga cikin manyan dalilan wannan yawo shi ne ciyawa. Kafin hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta amince da fili, sai ta duba ciyawarsa da fitilu da ɗakunan 'yan wasa da tsaro. Ciyawar Abuja ta mutu, sai da Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyaranta kafin ƙungiyar ta dawo. Ranar 29 ga Maris, 2022, aka tashi 1-1 da Ghana a Abuja, Najeriya ta rasa gurbin zuwa gasar kofin duniya a Qatar, fusatattun 'yan kallo suka afka cikin fili suka yi ɓarna. Daga baya aka sake komawa Uyo.

Ciyawa na son ban ruwa da taki da aski kullum, tana kuma son a raba ta da tarukan siyasa da bukukuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ana so yaran unguwannin Abuja irin su Kubwa da Nyanya su riƙa ganin 'yan wasan ƙasarsu ido da ido, wajibi ne a ware kuɗin kula da filin duk shekara, a kuma damƙa aikin ga waɗanda suka san shi.