Katifar Lateks: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Maganganu biyu ne suka fi yawo a kan katifar lateks: wai ta ruwan bishiya ba ta da sinadari ko ɗis, ta masana'anta kuwa tana jawo sankara. Duka biyun akwai gyara a cikinsu.

Gaskiya ne asalin ta farko bishiya ce. Ana tsaga bawon itacen roba, farin ruwa mai kama da madara ya riƙa ɗiga cikin ɗan kofi, kamar yadda ake yi a gonakin Tailan, Indonesiya da jihar Edo. Amma tun daga gona ake zuba masa amoniya don kada ya daskare. A masana'anta kuma, bisa hanyar da kamfanin Dunlop ya ƙirƙiro a Ingila a 1929, ana kaɗa shi ya yi kumfa, a haɗa da farar wuta, a gasa, sannan a wanke. Ba don farar wutar ba, da katifar ta yi danƙo ta lalace. Saboda haka batun "babu sinadari" ƙarya ce.

Ta masana'anta daga man fetur take, haɗin sitirin da butadayin. Hukumar binciken sankara da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa butadayin cikin abubuwan da ke haddasa cutar, sitirin kuma cikin waɗanda ake kyautata zato. Sai dai haɗarin ya fi shafar ma'aikatan da ke shaƙar su ɗanyu shekara da shekaru. Da zarar sun haɗu sun zama roba, abin da ke saura kaɗan ne, warin sabuntar kuma yana raguwa idan an bar katifar ta sha iska.

Matsalar da likitoci suka sani ma daga ta bishiyar take. Furotin ɗin cikinta kan tayar wa wasu borin jini, ƙaiƙayi, har da sarƙewar numfashi, musamman ma'aikatan asibiti masu yawan sa safar hannu ta roba. Wanki da rigar katifa suna rage haɗarin, amma wanda jikinsa ba ya ɗaukar roba ya fara tuntuɓar likita.

Mai saye ya duba takardar jikin katifar, domin yawancin katifun kasuwanninmu soso ne na foliyuritan, ba lateks ba, wasu kuma gauraye ne. Tambarin GOLS na nufin aƙalla kashi 95 cikin ɗari ruwan bishiya ne, OEKO-TEX kuma shaida ce ta gwajin sinadarai masu cutarwa.